Yadda Na Kusa Ƙarar da Kajin Gwaggo Hanne

Tun da na dawo daga Mashaya ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shago, ko aron almakashi ya zo, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Habibu, yaya ka baro su?" Na ba da labarin nan ya fi sau goma, kuma na lura kowa in ya fita sai ya ƙara masa gishiri. Jiya har na ji wai a kan jaki na shiga garin. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa, ni kuma in ci gaba da taka kekena.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne a cikin birnin Kano. Mashaya kuwa ɗan ƙauye ne a bakin dam ɗin Challawa, can inda ƙasar Karaye ta haɗu da ta Rogo. A nan Gwaggo Hanne take, ƙanwar mahaifina, wadda ta ɗauke ni ina ɗan shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyata, ta riƙe ni har na isa shiga sakandare. Mijinta, Baba Sale, a kafaɗarsa na fara zuwa kasuwa. Ana saura kwana shida ƙaramar Sallah Allah ya yi masa rasuwa.

Duk tela ya san abin da ake nufi da saura kwana shida Sallah. Yadi ya kai rufi, masu kaya sun tsaya a kanka kamar ka sace musu akuya. Na ce a raina bayan Sallah zan je. Kafin nan na ɗauki waya na aika saƙon murya zuwa ga Lawan, ɗansu, na ce ya kunna wa Gwaggo. Ban saurara ba na tura. Shi kuma Lawan, don ya nuna wa jama'a cewa ɗan'uwansa na birni bai manta da su ba, sai ya ƙure sauti ya kunna a zaure, gaban liman da dattawan gari ana tsakiyar zaman makoki. Ga abin da suka ji:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yaya haƙuri? Allah ya ji ƙan Baba, Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa... Kai Sani! Aljihun gefe na ce maka, ba na gaba ba! ...ya sa Aljanna ce makoma."

Sani abokin aikina ne, shagonmu ɗaya, kuma har yau ina ganin da laifinsa a ciki.

Da Lawan ya gaya mini abin da ya faru, kunya ta hana ni zuwa bayan Sallar. Sati ya zama wata, wata ya zama biyar, har Gwaggo ta fita takaba ban taka ba. In na kira in ce a ba ta waya, sai Lawan ya ce tana salla. Da safe tana salla, da rana tana salla, ƙarfe goma sha ɗaya ma tana salla. Matata Rabi ce ta gaji ta ce da ni, "Matar nan fa ta haura saba'in. In ta bi mijinta tana fushi da kai, ita ma saƙon murya za ka aika?" Washegari na sa farar shaddata mai sitaci da takalmi sau-ciki, na ɗauki turmin atamfa da sukari da sabulu, na nufi tashar Kabuga.

Daga Kano zuwa Karaye ba wani labari, barci na yi. Labari ya fara ne a 'yar tashar da ake hawa motar bakin ruwa. Titin nan gajere ne, da mota za ta tafi ba tsayawa ba zai ci rabin awa ba, kuma ba ya zuwa ko'ina sai ƙauyukan masunta. Mu mun hau shi da hantsi, mun sauka bayan la'asar.

Mota ɗaya ce a layi, tsohuwar a-kori-kura da aka jera wa benci biyu a baya aka yafa mata tamfol saboda ruwan sama. Direbanta Malam Iliya, wani siririn mutum mai furfura a gemu kaɗai. Na ɗauka fasinja muke jira, ashe saƙo ake jira. A Kano direba mutane yake ɗauka, in ka ba shi saƙo sai ya haɗe rai. A nan saƙo ne babba, mutum cikon wuri ne. Aka kawo ƙullin magani daga kemis, da zaren koma, wato ragar kamun kifi, da buhun gishiri, da batirin mota da aka yo wa caji. Wasu ma saƙon baki ne kawai. Mutum zai zo ya dafa ƙofa ya ce, "Malam Iliya, ka ce wa Talatu saniyar ta haihu, mace," shi kuma ya gyaɗa kai. Ba biro ba takarda, ban kuma ji an ce ya taɓa kai saniyar wani gidan wani ba.

Kusa da ni wata Hajiya Tabawa ce, 'yar Zoza, mai fataucin bandar kifi, ta taho da kwanduna uku ba komai a ciki sai ƙarni. Gabanmu wani malamin allo daga Kwanyawa, Malam Audu, da carbinsa da laimarsa. Muka gaisa, gaisuwa irin ta can wadda sai an tambayi damina da gida da iyali da gajiya, an koma an sake tambayar daminar. Sai Hajiya ta dube ni daga hula har takalmi.

"Bawan Allah, ina za ka da wannan farin kaya?"

"Mashaya, Hajiya."

"Gidan wa?"

"Wajen wani abokina," na ce, na juya kai ina kallon gonar masara kamar ban taɓa ganin masara ba.

Da na yi shiru daga nan da na tsira. To amma sai ɗan kamasho ya ɗago batirin nan zai dire mini a kan ƙafa, ruwansa na ɗiga, ni kuma ga shadda. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba: "Kai malam! Can gefe na ce maka, ba nan ba!"

Hajiya Tabawa ta tsaya da tauna goronta. Ta karkato kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa.

"Sake faɗa."

"Me zan sake faɗa, Hajiya?"

"Ce 'aljihu'."

Na ƙi. Ba ta damu ba, ta kwance bakin zani ta fito da 'yar wayarta, ta danna sau biyu, sai ga muryata ta cika motar tana yi wa Baba Sale addu'a. Kowa ya yi tsit ana jiran wurin. Da aka iso kan Sani, motar nan har girgiza ta yi. Wata mata ta riƙe ciki tana salati. Hajiya ta buga bayan gidan direba tana kira, "Malam Iliya! Ka san wa ka ɗauko? Aljihun Gefe ne da kansa!"

Ashe sunana ke nan a duk tsawon titin. Ashe babu wayar da ba ni a ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasan motar ma a huje yake, da muka tashi titi kawai nake gani yana wucewa.

Malam Audu ne ya ɗaga hannu ya tsawatar. "Haba jama'a, ku bar shi haka. Mutum ya yi kuskure, ga shi ya kamo hanyar gyara, ai taimaka masa za a yi." Na ji sanyi a raina, na ce ga mai ilimi. Can da aka lafa sai ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya ya ce, "Amma tsakani da Allah, aljihun ya gyaru kuwa?"

Daga nan duk inda muka tsaya, kuma kusan kowace inuwa tsayawa muke, Malam Iliya zai sauke saƙo, ya isar da na baki, sannan ya nuna baya da babban yatsa. Sai a zagayo a leƙa ni. Ba wanda ya zage ni, kada in yi musu ƙarya. Gaishe ni suke da ladabi, su tambayi mutanen Kano, sannan su ce, "Yaya Sani?" Wata mai soya kifi a bakin hanya ta ba ni karfasa biyu da yaji a takarda, ta ƙi karɓar komai, ta ce ai na riga na biya ta da dariya tun bayan Sallah. Na ci, don yunwa nake ji, kuma kifin nan daga ruwa zuwa kasko ne, bai san ƙanƙara ba.

Wajen azahar muka iso wasu 'yan gidaje inda na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar wani gida, maza na zaune. Malam Iliya ya gangara ya kashe mota. Na san abin da kashe motar nan ke nufi, don tun daga tasha da turi ta tashi, shi ya sa duk tsayawar da muka yi a kunne yake barin ta. Na tambayi Hajiya ko lafiya.

"Rasuwa aka yi. Sauko."

"'Yar'uwar wani ce a cikinmu?"

"Ko ɗaya. Wata tsohuwa ce, ni ko sunanta ban sani ba. Amma a titin nan mota ba ta wuce makoki. Sauko mana, kana tare mini hanya."

Muka sauka gaba ɗaya, mata suka shiga ciki, mu muka tuɓe takalma muka tsugunna. Malam Audu ya ja addu'a muka shafa. A unguwarmu a Kano, in makoki ya tare layi, hon muke yi mu nemi wata hanyar, har mu yi tsaki. Ga mutane sun kashe motar da suka san sai sun tura, don tsohuwar da ba su sani ba. Ni kuma mutumin da ya goya ni a kafaɗa, ban iya tsayar da keken ɗinki na minti ɗaya ba. A tashar Karaye kunyar mutane na ji. A kan tabarmar nan kunyar kaina na ji, kuma ta fi ciwo nesa ba kusa ba. Da aka zo turi ni na fi kowa sa ƙarfi, har hayaƙin motar ya yi mini zane a gaban riga.

Gaba kaɗan muka iso inda suke kira boda. Wani rafi ne da ya raba ƙasar Karaye da ta Rogo, ruwan bana ya cinye kwalbatinsa, saboda haka motar wannan gefe ba ta haye, ta wancan gefen ma haka. A ƙetare wani Ɗan'asabe na jira da babur mai ƙafa uku irin na ɗaukar kaya. Babu mai tambayar takarda, amma akwai wani dattijo ɗan sintiri zaune a kan kututture da sanda, wanda ba ka wucewa sai ka gaishe shi ka faɗi gidan da za ka. Da na buɗe baki zan faɗa sai ya ce, "Wuce, mun san da zuwanka tun ɗazu."

Abin da ya burge ni shi ne yadda direbobin biyu suke miƙa wa juna aiki. Malam Iliya ya tsaya a bakin ruwa ya ɗaga murya yana jero saƙonni, Ɗan'asabe yana maimaitawa daga can kamar ana biya karatu.

"Magani na gidan mai unguwa, a sha bayan an ci abinci!"

"Bayan an ci abinci!"

"Gishiri na Hajiya Tabawa, tana tafe da kanta! Zaren koma na Isa Dogo! Sai mutum ɗaya, na gidan Gwaggo Hanne, a kai shi hannu da hannu kada ya juya a hanya!"

"Kada ya juya!"

Haka aka lissafa ni tsakanin zare da gishiri. Na naɗe wando har gwiwa, na ɗora kayana a ka, na riƙe takalma a hannu na shiga ruwa. A tsakiya santsi ya ɗauke ni, na saki takalmi ɗaya don in ceci atamfar Gwaggo. Ina ji ina gani ya bi ruwa yana juyi, ya nufi dam ya riga ni isa. Hajiya Tabawa ta tausaya, ta zaro mini silifas ɗin da take shiga kasuwar kifi da su, na mata, ruwan hoda, da fure a sama. Duddugena duka a waje. Da su na shiga Mashaya, ba a kan jaki ba.

Ƙarshen titin a cikin ruwa yake. Kwaltar ta gangara kawai ta nutse, don tsohuwar hanya ce da take zuwa garin da na yi ƙuruciya, wanda yanzu yake ƙarƙashin dam tare da gonar Baba Sale. Tun da ruwa ya ci gonar Baba ya koma sana'ar su, ya kuma ƙware har ana kwatance da shi. Ɗan'asabe ya tsaya daidai inda kwalta ta ƙare ya danna hon mai tsawo, alamar an iso. Lawan ya taho ya karɓe ni hannu da hannu kamar yadda aka yi umarni, ya dubi ƙafata ya kau da kai.

Na shirya wa faɗa. Tun daga Kabuga nake tsara yadda zan sunkuyar da kai Gwaggo ta wanke ni tas, don na san bakinta. Amma muna isa sai na tarar an share zaure an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar tabarma da darduma a kai. Na doshi cikin gida, Lawan ya tare ni a hankali.

"Yaya Habibu, Inna ta ce a sauke ka a nan."

A zaure, ni da na yi wasan ƙasa a tsakar gidan matar nan. Na zauna. Can sai na ji takunta, ta tsaya a bayan asabarin ƙofa, ƙafafunta kawai nake gani.

"Sannunku da zuwa, Alhaji. Kun sha hanya. Yaya mutanen birni?"

Ni ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba, kuma tun da nake ba ta taɓa ce mini "ku" ba. Na tsugunna na yi ta'aziyya da duk kalmomin da na tanada.

"Allah ya ba da lada," ta ce. "An gode da ɗawainiya. Lawan, a kawo wa Alhaji ruwa."

Aka kawo ruwa a kofin gilashi a kan faranti. Bayan magariba aka kawo shinkafa da kaza guda sukutum, da cokali a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Na ce wa Lawan, "To alhamdu lillahi, tun da har ta yanka mini kaza ai ta huce." Ya dube ni kamar mai duban marar lafiya.

"Yaya, ka daɗe ba ka zo ba. A nan kaza ta baƙo ce. Ɗan gida kifi yake ci, abin da aka kamo ranar. Rabon da a yanka kaza a gidan nan tun da masu rigakafi suka kwana."

Na ajiye cokalin. A Kano in ɗan'uwa ya zo muka yanka masa kaza, so ne. A Mashaya ce maka ake yi kai ba namu ba ne, ci ka kama gabanka. Masaukina wani ɗan shago ne a jikin zauren, da sabon gidan sauro da zanin gado mai ƙamshin adaka, irin wanda ake ajiye wa manyan baƙi. Ban taɓa kwana a wuri mai tsabta da ya ƙuntata mini haka ba.

Da safe, kafin Ɗan'asabe ya juya boda, Lawan ya shigo da ƙunshin bandar kifi a takardar siminti. "Inna ta ce tsaraba ce, a gaida mutanen gida, Allah ya kiyaye hanya." Wato an sallame ni. Na riƙe ƙunshin ina jin babur na ɗumama a bakin ruwa. Na san in na hau shi, shi ke nan, na zama Alhaji har ƙarshen rayuwarta. Na miƙa wa Lawan na ce ya mayar, ya ce mata baƙon bai gama hutawa ba. Ni ma ai a hannunta na tashi, taurin kan nan ba a kasuwa na saya ba.

Ranar Lawan ya raka ni maƙabarta na yi wa Baba addu'a, muka biya bakin ruwa na ga kwale-kwalensa a kife, ba wanda ya taɓa shi. Na tarar da masunta suna ɗinkin koma, na ce su ba ni in taya su, ai sana'ata ce. Na yi rabin awa ina fama, Isa Dogo ya karɓa ya duba ya ce in aka jefa wannan a ruwa kifi zai shiga ya fita har ya koma ya kira 'yan'uwansa. Da yamma aka kawo kaza ta biyu. Washegari tsaraba ta sake zuwa, na sake mayarwa, da yamma aka kawo ta uku.

Daga nan gari ya rabu biyu. Wasu sun ce Gwaggo za ta sauko, wasu sun ce ba su san Hanne ba ke nan. Hajiya Tabawa, wadda ta gama sayen kifinta amma ta ƙi tafiya don ta ga ƙarshen abin, ta leƙo zaure karɓar silifas ɗinta ta ce, "Ɗan nan, kaji huɗu gare ta duka duka. Ka cinye zakaru biyu da budurwar kaza. Saura mai kwanci. Ko ka tafi ko ka san abin yi, don wallahi matar nan sai ta yanka akuya kafin ta ce ta gaji."

Rana ta huɗu bayan azahar ina zaune a zaure sai na ji kaza na kururuwa a cikin gida, na kuma ji muryar Lawan.

"Inna, wannan fa kwanci take. Ƙwai tara ne a ƙarƙashinta, saura kwana kaɗan ta ƙyanƙyashe."

"Na ce ka kamo ta. Baƙo zai kwana da yunwa ne a gidan Sale?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi sallama ban jira amsa ba, na ɗage asabarin na faɗa tsakar gida ba takalmi. Na fizge kazar daga hannun Lawan na rungume ta, tana sara na a hannu, ta kuma yi mini abin da kaji suke yi a gaban riga. Gwaggo na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana juya kifi a kan wayar banda. Sai a lokacin na ga fuskarta. Ta rame ƙwarai, wuyanta duk ya fito. Na durƙusa a gabanta da kazar a ƙirji.

"Gwaggo, ba za a yanka ta ba. Ni ba baƙo ba ne. Na yi laifi, ki zage ni, ki ɗauki muciya ki doke ni, amma don girman Allah ki daina ce mini Alhaji."

Ta ci gaba da juya kifinta, ɗaya, biyu, uku. Sannan ta ajiye ƙarfen juya kifin.

"Kai, Habibu. Kwana nawa Babanka ya yi a kwance?"

Akwai abin da ban faɗa muku a farkon labarin nan ba, don ban so faɗarsa ba. Tun kafin rasuwar Lawan ya kira ni ya ce jikin Baba ya yi tsanani, na ce masa ina nan tafe.

"Sha ɗaya," ta ce. "An gaya masa ka ce kana tafe, shi kuma ya yarda, don bai taɓa jin ka yi masa ƙarya ba. Lokacin rani ne, motar Iliya har bakin ruwa take zuwa. Kullum ta yi hon sai ya ce, Hanne, leƙa ki ga wa ya sauka. In leƙa in dawo in ce masa buhun gishiri ne, ko mai maganin gargajiya ne. Rana ta ƙarshe ban iya leƙawa ba, na ce masa yau motar ba ta zo ba. Ya ce, to gobe ke nan. Ni ba dariyar mutane ce ta dame ni ba, su yi ta yi. Leƙen nan ne na kasa yafe maka."

Kuka na yi, irin wanda rabona da shi tun ina yaro a gidanta, ga kaza a hannu tana ta fama ta ƙwace. Lawan ya juya baya yana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Gwaggo ta ja bakin mayafi ta goge ido, ta ja hanci, sannan muryarta ta dawo yadda na san ta.

"To ka ƙanƙame mini kaza za ka kashe ta? Mayar da ita kan ƙwanta kafin su huce, sakarai. Ƙaton banza, ka zauna ka cinye mini zakaru kana kallo. In ka gama ga bokiti can, randa ba ruwa. Kuma ka tuɓe wannan rigar, ko mahaukaci ba zai yi yawo da ita ba."

Sawu huɗu na yi zuwa rijiya, daga ni sai singileti, Hajiya Tabawa na tsaye a bakin hanya tana sanar da duk wanda ya wuce. Da na cika randar na tarar Gwaggo ta ɗumama ragowar tuwon dawa, ta zuba miyar kuka da kan tarwaɗa a wani tsohon kwano mai lotsattsen baki. Ta dangwara mini shi a ƙasa kusa da murhu, ba faranti ba cokali, tana ta faɗa a kan yadda na zubar da rabin ruwan a hanya.

Na wanke hannu na zauna. Na kai loma ta biyu ke nan sai Ɗan'asabe ya danna hon a bakin ruwa, ya iso daga boda. Faɗan ya tsaya cak. Na ga kanta ya juya wajen ƙofa da kansa, har ta dafa gwiwa za ta miƙe. Sai ta tsaya a haka, ta daɗe, sannan ta saki gwiwar ta juyo ta dube ni.

"Ci mana," ta ce. "Zai huce."